Saƙon Gwaggo Ga Yaron Nan

Ɗakina na farko a Guangzhou warin daddawa yake yi. Wani ƙaramin otal ne a bayan tashar jirgin ƙasa, taga ɗaya gare shi, ita ma bangon maƙwabta take kallo. Matar da ke share ɗakunan takan tsaya a bakin ƙofata, ta toshe hanci, ta zubo mini yare ba ƙaƙƙautawa, ni kuma in ce mata "sheshe", wato na gode, don ita kaɗai ce kalmar da na riƙe sosai a lokacin. Har na bar otal ɗin ban san ko zagi nake yi wa godiya ba.

Daddawar ba tawa ba ce, ta Gwaggo Larai ce, ƙanwar mahaifina. A ƙarshen shekarun casa'in ne, lokacin da 'yan kasuwarmu na Kano suka fara gane hanyar China, ni ma na bi sahu don sarin takalma. A unguwarmu in aka ji mutum zai yi tafiya, to ya zama ɗan aike, ko yana so ko ba ya so. Gwaggo ta sa aka kira ni, ta ajiye wani ƙulli a gabana: kuka, daddawa, yaji, kilishi, hula zanna guda, da kaset a cikin leda.

"Tunda China za ka, sai ka leƙa ka miƙa wa yaron nan," ta ce, idonta a kan tabarma. "Hannu da hannu, Sabo. Kada ka ba wani ya ba shi."

Yaron nan shi ne Habibu, ɗanta na fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban kuma taɓa ganin ta zauna hira da shi ba. Kunyar ɗan fari gare ta irin ta mutanen da. Karatun likita aka tura shi, unguwa kuwa ta naɗa masa Dakta tun bai taɓa riƙe allura ba. Sai wasiƙunsa suka ɗauke, fiye da shekara babu ko gaisuwa. Na ga yadda Gwaggo ta rame a kan wannan. Na ce, "To, Gwaggo." A ganinta China gari ne kamar Zariya, ni kuma da nake taƙama da fasfo ban fi ta sani ba.

Azumi ya riske mu a Guangzhou. Wuni nake a shagunan Zhanxi ina lanƙwasa takalma in ga ko gam zai saki, masu shago suna ce mini "meyo", wato babu, ga duk lambar da ta dace da ƙafar Bahaushe. Da yamma kuwa mu haɗu a wani gidan abinci na Musulmi a cikin lungu. Mai gidan mutumin arewa maso yammacin ƙasar ne, mai kaurin gashin baki da 'yar hula mai kusurwa huɗu. Lawban muke ce masa, yadda ake kiran kowane mai gida a can. Yana gasa wata faffaɗar gurasa a tanderu, yana yin tsiren rago, kuma da kansa yake fita ya duba sama, ya dawo ya tafa hannu in rana ta faɗi. Kanawa, mutanen Nijar, 'yan zangon Gana, duka teburi biyu ke ɗauke mu a lokacin. Ban taɓa jin daɗin Hausa kamar yadda na ji ta a lungun nan ba.

Babbanmu shi ne Alhaji Isufu, ɗan Maraɗi, mai sarin yadi, wanda ya riga mu duka sanin garin. Shi na nuna wa adireshin Habibu, shi kuma ya miƙa wa Lawban. Lawban ya duba, ya ce "Harbin", ya rungume kansa yana karkarwa.

"Bon," in ji Alhaji Isufu, "kai shi gidan waya ka huta. Arewa ce can ƙurya, ƙanƙara ake yi. Ga bizarka ta kusa ƙarewa, ga kayanka ba a loda ba."

"Alhaji, hannu da hannu ta ce."

"Wa zai hwaɗa mata?"

"Ni mana, ranar da ta dube ni."

Ya girgiza kai, ya ce taurin kan Bakano sai Allah. Amma shi ɗin ne ya ɗauki nauyin tsayawa a kan lodin takalmana, shi ya raka ni aka yanki tikiti. Na shiga kasuwar Shahe neman rigar sanyi, wani mai shago ya ɗauko mini wata kumburarriya mai sheƙi, ya doki ƙirjinsa yana cewa "Harbin, Harbin!" Na saya ina murna. Daga baya na gane kumburin iska ce kawai.

Jirgin Harbin ya daɗe a sama, amma bai ba ni mamaki ba. Daga kudu zuwa arewa ai dole a ji a jiki, ko Legas zuwa Kano ba wasa ba ne. Abin da ya ba ni mamaki shi ne sanyin. Ina fitowa daga filin jirgi na ji gashin hancina ya daskare, na ja zif ɗin rigar da ƙarfi, ya fita a hannuna. Haka na shiga tasi ina riƙe da gaban riga da hannu ɗaya, ƙullin Gwaggo a ɗaya hannun.

A ƙofar masaukin ɗalibai baƙi wata dattijuwa ce ke zaune a bayan gilashi tana saƙa. Na nuna mata sunan Habibu. Ta duba, ta ɗago kai, ta ce, "Meyo." Kalmar da nake ji kullum a kan takalma ce, amma ranar a kan mutum aka faɗe ta. Na jingina da bango, na fara tunanin da wane baki zan gaya wa Gwaggo. Ina nan tsaye sai na ji murya daga kan matakala.

"Salamu alaikum. Massa, kai Hausa ne?"

Wani dogon ɗalibi ne ɗan zangon Kumasi, Muntari sunansa. Ya ja ni ɗakinsa, ya zaunar da ni kusa da bututun ɗumama ɗaki, sannan ya ba ni labari. Habibu na nan da ransa. Jarrabawar likita ce ta kayar da shi har sau biyu, aka mayar da shi karatun noma a wani gari wai shi Urumqi. Tun da ya tafi bai waiwayi kowa ba.

"Ina ne kuma Urumqi?"

"Arewa ne shi ma, amma can yamma. Na da nisa fa, massa. Ba wasa."

Na yi dariya a cikina. Mutumin Gana, ƙasarsu tafin hannu, ai komai nisa ne a wurinsa. Na buga waya gidan abincin Lawban daidai lokacin shan ruwa, aka kira mini Alhaji Isufu.

"Arewa ce ita ma?" ya tambaya.

"Haka aka ce."

"To ai ka gama wahala. Arewa da arewa, Maraɗi da Damagaram ke nan. Tahi ka dawo."

Ni ma lissafina ke nan: Kano da Sakkwato, jirgi ya tashi, kafin a gama raba lemo an sauka. Da aka faɗa mini kuɗin tikiti na tayar da jijiyar wuya, na ce cutar baƙo ce. Muntari yana ba ni haƙuri, mai sayar da tikitin tana kallona kamar ta ga mai taɓin hankali. A jikin tikitin kuwa lokacin tashi kaɗai aka rubuta.

Ba kullum ake samun jirgin ba, don haka na kwana biyu a ɗakin Muntari. Azumin Harbin shi ne mafi sauƙin da na taɓa yi, don kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Ranar tafiya Muntari ya ce in ajiye azumin tunda matafiyi ne ni. Na ce saboda tafiyar awa guda? Da shayi da ɗan burodi na yi sahur. Ya ɗaure mini gaban rigar da igiyar takalmi, ya raka ni har filin jirgi, ya ce in gai da Habibu, in ce masa ba wanda ke yi masa dariya.

Mun tashi bayan azahar. Da awa guda ta cika na gyara zama, na ɗaura takalmi, ina jiran a ce a ɗaura bel. Maimakon haka sai aka turo keken abinci. Na ce na gode. Awa biyu ta wuce. Na leƙa ƙasa, farin ƙanƙara ya ƙare, an shiga wata jar hamada, babu gari, babu hanya, babu ko bishiyar da ido zai huta a kai. Agogona ya nuna lokacin da muke shan ruwa a Harbin, amma rana na nan tsaye a gefen fiffike, ba ta da niyyar zuwa ko'ina. Mun bi ta yamma, ita tana gudu muna binta.

Wani tsoho ne a kusa da ni, ya lura ina ta duba agogo ina duba taga. Ya zaro mujallar da ke aljihun kujera, ya buɗe taswira. Ya ɗora yatsa a can gefen dama, ya ce "Harbin". Sannan ya ja yatsan a hankali, ya haye tsakiyar mujallar, ya ci gaba, har ya kusa fita daga ɗaya shafin, ya ce "Urumqi". Ya buɗe mini tafin hannunsa duka, yatsu biyar. Awa biyar ko fiye. Na taɓa yin aikin hajji, na san abin da wannan ke nufi: Kano zuwa Jidda nake yi a cikin ƙasa ɗaya, kuma duk a arewarta.

Yunwa ta taso, maƙogwarona ya bushe da iskar jirgi, ga ƙullin Gwaggo a saman kaina yana turo ƙamshin kilishi. Na yi fushi da Alhaji Isufu, na yi fushi da Habibu, na fi fushi da kaina. Can kuma tsoro ya kama ni. In na je can ma aka ce mini "meyo" fa? Ban san kowa ba, ban iya yaren ba, biza na ƙarewa. Sai da jirgin ya fara sunkuyawa kan wasu manyan duwatsu masu farin kai sannan ranar nan ta ga dama ta faɗi. Tsohon ya ɓare lemo, ya miƙo mini rabi. Ashe tun ɗazu ya gane abin da nake jira. Kilishin dai ban taɓa ba.

Ina fitowa na ga gashin bakin Lawban a fuskar wani mutum. Yana riƙe da ƙatuwar rigar fatar tunkiya da gurasa a takarda, yana ɗaga hannu yana kira, "Sabo! Sabo! Guangzhou lawban!" Ƙanen Lawban ne. Daga baya na ji yadda aka yi. Bayan na ajiye waya, Alhaji Isufu ya gaya wa Lawban cewa zan ɗan leƙa Urumqi daga Harbin. Lawban ya dafe kai da hannu biyu, don garinsu ne, ya san abin da ke tsakani. Nan take ya buga wa ƙanensa waya, ya ce duk jirgin da ya zo daga Harbin ya je ya tsaya, baƙin mutum ba zai ɓace masa ba.

Gidansu ya kai ni. Mahaifiyarsu ta dubi rigar Shahe da igiyar takalmi a gabanta, ta yi wata magana, kowa ya fashe da dariya, har ni da ban ji ba. Ta ba ni shayi mai madara da gishiri, da taliya mai zafi da naman rago. Ba mu da kalma ɗaya ta tarayya sai bisimilla da alhamdulillahi, kuma sun wadatar. Washegari agogona ya wuce ƙarfe tara gari bai gama wayewa ba. Su mutanen gidan nasu agogon daban ne, awa biyu yake bayan na ƙasar, don sun gaji da yin gardama da rana.

Neman Habibu bai yi wuya ba. Ƙanen Lawban ya tambaya a masallaci, aka ce baƙin mutumin da ke zuwa Juma'a ɗaya ne. Mun same shi a wani ɗaki mai rufin gilashi a bayan makarantarsu, ya sunkuya a kan tukwanen shukar auduga. Ya rame, ya tara gemu. Da ya ɗago ya gan ni, sai abin ban ruwan ya faɗi daga hannunsa.

"Yaya Sabo? Wa ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu. Miƙo hannunka."

Ya miƙo, na ɗora masa ƙullin. Ya kai shi hanci, ya shaƙa, sai kawai ya zauna a ƙasa cikin jiƙaƙƙen yashi. Ni kuwa na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Duk faɗan da na tanada a cikin jirgi na neme shi na rasa.

A ɗakinsa ya ce mini, "Yaya, me zan rubuta? Duk unguwa Dakta ake ce mini. In ce na koma shuka auduga, abin da kakanmu ya yi ba tare da ya hau jirgi ba?" Na ce ya nemo rikoda. Ya aro a maƙwabta, ya tuƙa mana tuwon garin masara, ya kaɗa miyar kuka da daddawar da ta sha zagi tun daga Guangzhou. Da muka sha ruwa ya saka kaset ɗin.

Abin da ya fara fitowa ba magana ba ce, tsakar gidansu ce. Ana daka a turmi, injin markaɗen maƙwabta na kuka, wata mai talla tana wucewa, zakara ya yi cara ba lokacinsa ba. Ni da na bar gida kwanan nan sai da ƙwalla ta cika mini ido, balle shi. Sannan aka fara layi. Malam, mahaifinsa, ya yi doguwar addu'a. Ƙannensa suna ƙwace abin daga hannun juna. Maƙwabta kowa da "Dakta, a dawo lafiya", "Dakta, ƙafata na jiranka". Duk wanda ya ce Dakta sai kan Habibu ya ƙara yin ƙasa. Can aka ji ana cewa, "Inna, saura ke." Muryar Gwaggo ta fito daga nesa, da alama ta ƙi matsowa kusa da rikodar.

"A gaya wa yaron nan damina ta yi kyau. Jar akuyar nan ta haifi biyu." Turmi na ta bugawa. "A gaya masa in karatun ya yiwu, madalla. In bai yiwu ba, ɗakinsa na nan, kullum ana sharewa. Shi ke nan, kashe abin nan."

Habibu ya kifa fuska a kan gwiwa. Na tashi na je ina duba taga, ko da yake ƙanƙara ta rufe ta ba a ganin komai. Da ya natsu ya ciro kaset ɗin, ya juya ɗaya gefen, ya mayar don ya ɗauki amsarsa. Na ɗauki rigar fatar tunkiya na fita baranda, na bar shi da rikoda. Ya daɗe yana magana.

Jirgin komawa Guangzhou shi ma Jidda guda ne, amma wannan karon na ajiye azumi ba tare da kowa ya roƙe ni ba. Na iso biza na numfashin ƙarshe. Ina shiga lungu teburi biyun nan suka ɗauka gaba ɗaya, "Maraɗi da Damagaram!" Alhaji Isufu ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce shi ma wallahi bai san Allah ya yi ƙasa haka ba. Takalmana an loda. Na riƙe hannun Lawban ina ta jera masa "sheshe", ya zare hannunsa, ya tura mini gurasa, ya nuna sama wai rana ta faɗi. A otal matar nan ta leƙo ɗakina, ta shaƙi iska, ta ɗaga mini babban yatsa.

Yanzu an rushe lungun, Alhaji Isufu ya riga mu gidan gaskiya, mutanenmu a Guangzhou sun fi ƙarfin teburi biyu. Yaro yakan latsa waya ya ga fuskar uwarsa, ya latsa kuma ta gaya masa awa nawa ne daga gari zuwa gari. Ba na cewa da ta fi yanzu, wahala ce zalla. Amma ina kewar mutanen nan, kuma ba na ɓoyewa.

Ranar da na kai wa Gwaggo kaset ɗin tsakar gida ta cika. Aka ajiye rikoda a kan turmi, ita kuwa ta ja kujerarta gefe, ta ba mu baya, ta ɗauki faifan wake tana tsinta. Habibu ya gai da kowa da sunansa. Sannan ya faɗi gaskiya, ya ce likita bai yiwu ba, noma yake karanta, in ya gama zai dawo. Wasu suka yi salati, wasu suka kalli juna. Ni hannun Gwaggo nake kallo. Tun da muryar ta fara wake ɗaya ne a tsakanin yatsunta, ba ta ajiye shi ba har kaset ɗin ya ƙare.

Da mutane suka watse ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Da ɗan nisa tsakaninku?"

"Gwaggo, kin tuna jirgin Jidda, wanda ya kumbura miki ƙafa? Daga inda nake zuwa garin farko kusan haka ne. Ban same shi ba. Daga nan zuwa inda yake, haka ne. Daga can in koma inda nake, haka ne kuma."

Ta ajiye faifan.

"Ashe hajji uku na aike ka," ta ce. "Allah ya yi maka albarka, Sabo." Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙin murhu ne, alhali ba a kunna wuta ba. Na miƙe zan cire kaset ɗin, ta ɗaga hannu.

"Bar shi. Mayar da shi farko, yaran nan sun cika surutu, ban ji gaisuwar da ya yi wa Malam ba."

Na mayar da shi farko, na danna, na fita na ja mata ƙofa.